Yadda zaka ci abincin Holan na gaske a tsofaffin gidajen abincinsu, ka fara duba wata kafin ka duba menu

Mu dai a gida in an ce Holan, atamfa ce take fara faɗo mana a rai, sai madarar Peak, sai kuma ƙwallo. Ba mai kawo zancen abinci. Ko waɗanda suka je ma zaka ji sun dawo suna cewa ai mutanen nan ba su da wani abinci sai burodi da cuku da soyayyen dankali, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, don in ka tsaya a titunan da 'yan yawon buɗe ido suke cika a Amsterdam abin da zaka gani kenan. Amma abincinsu na ƙwarai wata yake bi, kamar yadda ba zaka nemi ɗanyar masara a watan Maris ba ko mangwaro mai kyau a tsakiyar hunturu, haka su ma kowane abu da lokacinsa, in ya wuce sai baɗi. Shi ya sa shawarata ta farko, kafin ka zaɓi gidan da zaka je, duba a wane wata zaka sauka ƙasar.

In tsakanin Afrilu ne zuwa Yuni, to ka dace da abin da suke kira asperges. Wani tsiro ne dogo fari kamar kauri na yatsa, su da kansu farin zinare suke ce masa. Dalilin farin shi ne ba a barin rana ta gan shi, a ƙarƙashin kunya yake girma, an tara masa ƙasa mai rairayi an rufe da leda, ana tono shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, shi ya sa yake da tsada. A kudancin ƙasar aka fi nomansa, Limburg da Brabant. Kuma ranar 24 ga Yuni ake daina cira, don a bar shukar ta huta ta tara ƙarfin shekara mai zuwa, saboda haka in ka ga wani gida yana tallansa a Oktoba ka san ba na gonarsu bane. Na fara cinsa ne a wani ƙaramin gidan abinci a ƙauyen Limburg, an jera guda shida a faranti mai ɗumi, sun yi laushi amma ba su narke ba, ga dafaffen ƙwai an farfasa a kai, ga ƙananan dankalin turawa, sannan matar ta zo da narkakkiyar bota a ɗan ƙaramin kofi ta zuba a gabana tana turiri. Ɗanɗanonsa ba mai hayaniya bane, ɗan zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci kaɗan can ƙarshe, sai ka nutsu zaka ji shi. Amma a kula fa, a al'adarsu da yankakken naman alade ake haɗa shi, wanda suke rubutawa ham. Ka ce a sa maka kifin salmon a madadinsa, sun saba, kusan ko'ina suna da shi.

A wannan lokacin dai akwai ɗan ragon tsibirin Texel, wanda yake kiwo a ciyawar bakin teku mai iskar gishiri, da kuma cukun farko na madarar shanun da aka sako su ciyawa bayan sun gama zaman sanyi a rufe, graskaas, mai laushi sosai. Sai kreeft na ruwan Oosterschelde a yankin Zeeland, wato wannan halittar ruwan mai kama da ƙaton jatan lande da hannun ƙaguwa, daga wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Yuli kawai ake kama shi.

Tsakiyar Yuni kuma sai sabon kifin haring ya shigo, Hollandse Nieuwe, kuma ƙasar gaba ɗaya sai ta ɗauka. Ba kowane haring ake ba wannan sunan ba, sai kitsen jikinsa ya kai aƙalla kashi 16 cikin 100. Ana cire masa kayan ciki a bar wani ɗan sashe guda wanda shi yake nunar da naman, a sa gishiri, kuma doka ce sai an daskarar da shi tukuna saboda tsutsa. Ba a dafa shi. Na san nan wasu za su ja da baya, amma gani ya kori ji, ba shi da ƙarnin da kake tsammani, narkewa yake a baki kamar bota. Gangar farko ta shekara gwanjonta ake yi a Scheveningen, tashar masunta a bakin teku, a ba da kuɗin sadaka. Shi kam gaskiya kar ka kashe kuɗi a babban gida dominsa, je wurin masu rumfar kifi a bakin titi, a Amsterdam za su yanka maka gutsi-gutsi da ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami, a wasu garuruwan kuma kama wutsiyar ake a ɗaga kai a zura.

Daga Yuli har wajen Afrilu lokacin mosselen ne, wasu 'yan halittun ruwa masu baƙin ɓawo biyu, daga Zeeland musamman garin Yerseke. A cikin baƙar tukunya ake kawo maka su da murfi, murfin nan shi zaka juya ka riƙa zuba ɓawon, kuma da hannu ake ci, ka ɗauki ɓawo ɗaya da ka cinye ka mayar da shi kamar hantsaki kana ciro sauran. Wanda bai buɗe baki ba bayan dahuwa ka ajiye shi gefe. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi abincin ruwa duk halal ne, saboda haka ta nan ba matsala, matsalar tana cikin romon. Nan ne na taɓa yin asara, a wani gida da ba sai na faɗi sunansa ba, na tambaya ko akwai alade aka ce babu, aka kawo tukunya, ina ɗaga murfi ƙamshin da ya bugi hancina ya sa na tsaya, ashe da farar giyar inabi aka dafa. Ma'aikacin bai yi min ƙarya ba, abin da na tambaya shi ya amsa, amma ranar raina ya ɓaci sosai don na biya kuɗin abin da ban ci ba. Tun daga nan nake cewa a dafa min da albasa da karas da seleri kawai, kuma suna yi.

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen shekara lokacin naman farauta ne, barewa, zomo, agwagwar daji da wani tsuntsu mai kama da zabo, manyan gidaje duk sai su cika menu da su. Sannan abincin sanyi, stamppot, wato dankali da aka dandaƙa da ganye, da miyar koren wake mai kauri da suke kira snert. Waɗannan biyun kusan kullum da tsiran alade ko gutsattsarin kitsensa suke zuwa, a kiyaye. Akwai ɗan'uwansu hutspot, dankali da karas da albasa, wanda a Leiden suke ci duk ranar 3 ga Oktoba don tuna ranar da sojojin Sifaniya suka janye daga kewaye garin a 1574. Shi da naman saniya aka saba haɗa shi.

To yanzu ka san watanka, sai zaɓen gida. Abin da nake so game da ƙasar nan shi ne da yawa daga gidajen abincinsu ginin kansa tarihi ne, kana cin abinci a ɗakin da aka yi shekara 400 ana zama a ciki. A Amsterdam, 'yar tafiya kaɗan daga babbar tashar jirgin ƙasa, akwai De Silveren Spiegel a layin Kattengat, ginin tun 1614 yake, daɓen ya karkace, rufin ƙasa-ƙasa da manyan katakai, kuma abincin Holan zalla suke yi amma irin na zamani. A Spuistraat kuma akwai d'Vijff Vlieghen, ma'anar sunan Ƙudaje Biyar, tsofaffin gidaje biyar ne na ƙarni na 17 aka fasa aka haɗe, wani Nicolaas Kroese ya buɗe shi a 1939, ɗaki-ɗaki ne kowanne da kamanninsa, a ɗaya akwai zanen Rembrandt, shahararren mai zanensu, na asali a bango, kujerun kuma an maƙala musu ƙananan farantan tagulla da sunayen manyan baƙin da suka taɓa zama a kai. In kana kama tebur a can ka faɗi ɗakin da kake so, in ba haka ba duk inda ya samu za a ajiye ka. Sai De Waag a dandalin Nieuwmarkt, wanda aka gina a 1488 a matsayin ƙofar gari, irin dai yadda muke da ƙofofin ganuwa, daga baya ya zama gidan awon kaya, yanzu ƙasansa gidan abinci ne da ake haskawa da kyandir. Shi ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin shiga.

Amma in tambayata aka yi wanne ya fi dacewa da mu, musamman mai kaffa-kaffa da nama, De Kas zan ce. Tsohon ɗakin gilashi ne na renon shuke-shuke na birnin Amsterdam tun 1926, a lambun Frankendael, aka mayar da shi gidan abinci a 2001. Suna noma da yawa daga ganyensu da kayan lambunsu da kansu, abin da ya nuna shi ake dafawa, saboda haka ba ka zaɓen komai, kai dai ka faɗi hawa nawa zaka ci, wato faranti nawa za a kawo maka ɗaya bayan ɗaya, da abin da ba ka ci. Yawancin farantin kayan lambu ne, nama ko kifi ɗan rakiya ne. Wannan ma wata aƙida ce da wasu kukun ƙasar suke bi a ƙarƙashin sunan Dutch Cuisine, kashi 80 kayan gona kashi 20 nama ko kifi, kuma a bi abin da lokaci ya kawo. Akwai kuma Rijks a jikin gidan tarihi na Rijksmuseum, na kuku Joris Bijdendijk, wanda ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba gidajen abinci na ƙwarai daga ɗaya zuwa uku, ka gama kallon zane-zane ka shiga ka ci na rana.

Kar ka tsaya Amsterdam kaɗai in kana da kwana biyu. Utrecht ba ta kai tafiyar rabin awa ba a jirgin ƙasa, a can gefen magudanar Oudegracht akwai tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa a ƙasan titi dab da ruwa, sai ka sauka matakala, da yawansu gidajen abinci ne yanzu. A Zwolle akwai De Librije na Jonnie Boer da matarsa Thérèse, wanda ya samu tauraron Michelin na uku a 2004, ya fara ne a ɗakin karatu na wani tsohon gidan ibadar Kirista, daga baya ya koma tsohon gidan yarin mata na garin. Jonnie ya rasu a 2025, mutum ne da ya yi suna wajen dafa abin da ke kewaye da shi, kifin kogi da ganyen daji na yankinsu. Irin wannan wurin kam sai ka kama tebur tun da watanni. A Maastricht can ƙarshen kudu, tafiyar kamar awa biyu da rabi daga Amsterdam, akwai Château Neercanne, fada ce ta ƙarshen ƙarni na 17 a jikin tudu mai koguna, a nan shugabannin Turai suka ci abinci a 1991 lokacin taron da ya haifar da yarjejeniyar Maastricht wadda ta kafa Tarayyar Turai. In a watan Mayu ka je, gonakin asperges suna wannan lardin na Limburg.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, kama tebur. Tun ran gini ran zane. A intanet ake yi, a shafin gidan, kuma akwai ɗan akwatin da aka bari don ka rubuta abin da ba ka ci. Kar ka bar shi fayau ka ce sai ka je, don a irin waɗannan gidaje miyar da za a zuba maka tun safe ko tun jiya aka ɗora ta, in ka zo ƙarfe bakwai ka ce ba ka son giya a ciki ka takura kuku kuma kai ma abin da zaka samu ragi ne. In ka faɗa da kwana biyu ko uku, za su zauna su tsara maka naka na musamman, kuma ba sa jin haushi, aikinsu ne. Da Turanci ma zaka iya rubutawa don kusan kowa yana ji, amma ga yadda ake faɗa da yarensu: geen varkensvlees en geen alcohol, ook niet in de saus, wato ba naman alade ba barasa, har a cikin miya. Wannan ƙarshen shi ne mai muhimmanci. Sannan ka riƙe waɗannan kalmomin a ido in kana karanta menu: spek da ham da varken duk alade ne, rookworst tsiransa ne yawanci, wijn giyar inabi, bier giya, gelatine kuma yana ɓuya a kayan zaƙi masu santsi kuma sau da yawa daga alade ake yinsa. A kayan zaƙi in ka ga boerenjongens ko advocaat, da barasa suke.

Maganar nama kuma, gaskiya ita ce yawancin manyan gidajen nan ba yankan halal suke saye ba, ko ragon Texel ɗin ko na farautar. Kowa da fahimtar da yake bi a kan wannan, ka tambayi malaminka tun kafin tafiya. Ni dai kifi da kayan lambu nake cewa a yi min, kuma ban taɓa tashi ina jin an rage ni da komai ba, don ƙasar ruwa ce, ga kifin tekun arewa, ga ƙananan jatan landensu masu ruwan toka, ga wani ganyen bakin teku mai gishiri da kansa da suke kira zeekraal.

Wasu gidajen za su nemi lambar katinka ko kuɗin kafin alƙalami, in ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba su cire. Kuma lokaci a wurinsu lokaci ne, in ka ce bakwai to bakwai ɗin, in zaka makara ko da minti 15 ne ka kira. Da wuri suke cin na dare, daga shida zuwa bakwai da rabi ake zama, wajen tara da rabi zuwa goma kicin ya fara rufewa, kuma da yawa ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin. Ka lissafa sallarka ma, don menu mai hawa biyar ko shida yana cin awa uku har fiye. A Disamba tun wajen huɗu da rabi magariba take yi, saboda haka ka yi ta kafin ka fito, a Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare.

Shiga ba sai ka takura kanka ba, ba masu son ƙawa bane sosai, kaftani mai tsafta ko abaya sun wadatar har ma su yaba. Sai dai matakalan tsofaffin gidajen nan a tsaye suke kuma siraru, in da babbar riga ne ko doguwar abaya a tattare da kyau, in kuma da Baba ko Hajiya zaka je, rubuta musu tun farko cewa a ƙasa kuke son tebur.

Da ka zauna za a tambaye ka ruwa, plat wato mara gas ko bruis mai gas, duka na kwalba ne kuma kuɗi ne. Ruwan famfonsu mai kyau ne, kraanwater, kana iya nema, wasu su bayar wasu su ce sai na kwalba. Za a kuma yi maka tayin giyar da ta dace da kowane faranti, ka ce alcoholvrij, da yawa yanzu suna da jerin lemukan da suka haɗa da kansu daga tuffa da ganyayyaki da shayi, kowane hawa da nasa, kuma wallahi wani lokacin har ya fi abincin burge ni. Ka lura dai, alcoholarm ba ɗaya bane da alcoholvrij, shi akwai 'yar barasa a ciki. Daga nan za a kawo 'yar loma ɗaya ko biyu da ba ka yi oda ba, amuse, kyautar kuku ce, ita ma ka tabbata sun duba takardarka kafin ka kai baki, matambayi ba ya ɓata. Cokula da wuƙaƙe daga na waje kake farawa kana shigowa ciki. Su da hagu suke riƙe cokali mai yatsu, kai kuma yanka abinka, ajiye wuƙar, mayar da cokalin dama ka yi bismillah, ba wanda zai kalle ka.

Farantin farko in ya zo zaka ga ɗan mitsitsi a tsakiya, kar hankalinka ya tashi, kafin a kai na biyar ga burodi da bota ana ta ƙarowa zaka ƙoshi. Kuma ba yaji, ko kaɗan. Roƙona shi ne kar ka yi saurin neman barkono, ba wa harshenka dama, don duk wahalar da suka sha ita ce ka ji ɗanɗanon karas ɗin kansa ko kifin kansa. In ma'aikaci ya zo yana bayanin farantin ka saurara, ka tambaye shi daga ina kifin ya fito, suna jin daɗin wannan tambayar sosai, in ya yi maka daɗi ka ce lekker.

Kuɗi kam akwai shi, a gida mai tauraro wuce Yuro 100 kan mutum ɗaya ba wuya tun kafin a sa abin sha, masu tauraro uku kuma sun ninka haka. Dabarar ita ce ka je na rana, kicin ɗaya ne kuku ɗaya ne amma hawan ya fi kaɗan kuɗin ma haka. Ba za a kawo maka bil ba sai ka nema, don a wurinsu rashin ladabi ne a nuna kamar ana korarka, sai ka ce de rekening alstublieft. Kati suka fi so, wasu ma sam ba sa karɓar tsaba, saboda haka ka tabbata katinka yana aiki a waje kafin ka baro gida. Tukwici ba dole bane amma in an kyautata maka kashi 5 zuwa 10 ya yi. In kuma ɗan ƙasar ne ya ce ku je ku ci tare, kar ka ɗauka shi zai biya kamar yadda muke yi, yawanci kowa nasa yake biya, har manhaja gare su mai suna Tikkie da ake turo maka kasonka, ba rowa bace a wurinsu haka suka taso. In wani gari ka je, duba jirgin ƙasa na ƙarshe a manhajar NS, kamfanin jiragen ƙasansu, tun kafin a kawo kayan zaƙi.

In kuwa kai ne da zaɓin ranar tafiya, ka saita ta tsakanin tsakiyar Yuni da 24 ga wata. 'Yan kwanaki ne ƙalilan da sabon haring ya shigo, asperges bai fita ba, kreeft na Zeeland yana nan, ga strawberry ɗinsu ya nuna jajir a kasuwa. Ka ci haring ɗinka a tsaye a rumfa da hantsi, ka yi la'asar, ka zauna tebur ƙarfe shida da rabi, zaka gama hawa biyar ka sha shayin na'a-na'a ka fito rana ba ta faɗi ba, ka taka a bakin ruwa zuwa masauki ka tarar da magariba.